Ranar da Akwatin Babanku Ya Yi Shiru

Ina sheƙar dawa a bakin rumbu Malam Sule ya tsayar da babur a ƙofar gidanmu. Mai gyaran rediyo ne a Malumfashi, abokin babanku, kuma mutum ne da ko ranar Sallah ba ya son rufe shago. Da na ga ya sauka ya cire hula yana juya ta a hannu, sai na ajiye ƙwaryar. Bai shigo ba. Ya aika aka kira Fasto da matarsa, su ne suka zaunar da ni. Motar audugar da babanku ya hau zuwa Funtua ta faɗi a hanyar Bakori, kuma yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Ban yi ihu ba. Na tuna dai ina kallon kaji suna cin dawar da na sheƙa, ban kore su ba. Can da mata suka cika gida, Malam Sule ya matso bakin ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, sannan ya ƙara da wata magana da na ɗauka ruɗewa ce.

“Maman Iliya, akwatin nan nasa. Don Allah kada a bar kowa ya cire masa batir.”

Wannan babi na ku uku ne, amma kai Iliya, Babba, ka fi kowa buƙatarsa. Tun kana yaro ka riƙe cewa kakanku Baba Jatau ne ya kashe kiɗan babanku da gangan. Ka ƙi zuwa gidansa yana da rai, ka ƙi zuwa bisonsa, kuma na ji ka faɗa wa 'ya'yanka haka. Ba haka aka yi ba. Waɗanda na yi shiru dominsu duk sun kwanta, don haka zan faɗi yadda abin ya gudana.

Akwatin ɗan ƙaramin piyano ne mai aiki da batir, tsawonsa bai wuce hannun babba ba, da haƙora farare da baƙaƙe. Wata Baturiya malamar asibiti ce ta bar wa babanku shi da za ta koma ƙasarsu, saboda shi ke jan waƙa a majami'armu. A ƙauye kowa na ce masa akwatin Bulus. Abin mamakinsa shi ne yana riƙe kiɗa. In ka danna wani jan maɓalli ka kaɗa, daga baya ka danna wani, sai ya maimaita maka daidai yadda yatsunka suka bi, har da inda ka yi jinkiri, har da inda ka yi kuskure. Tsofaffin mata suka ce akwai aljani a ciki, Fasto ya yi wa'azi a kan haka, suka ce to, amma ba su ƙara zama kusa da shi ba.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda muke ji da batir a wancan lokaci ba. Ana gama jin labaru a rediyo sai a zare su a ajiye. Na tocila kuwa a juya ɗaya baibai don kada ya sha. In sun yi sanyi a jera su a kan dangar gida su sha rana, wasu har cizon gindinsu suke yi. Matar da ta bar batir ya kwana a cikin rediyo, almubazzara ce. To wannan akwati ya zo da akasin abin da muka saba. Ranar farko da na ga babanku ya kashe shi ya rufe da zane, na miƙa hannu zan zare baturan, ya riƙe mini hannu yana dariya.

“Saratu, za ki yi kisan kai.”

“Ai ka kashe shi. Haka za su kwana suna ƙarewa a banza?”

“Ban kashe shi ba, barci na sa shi. In kin gama tuwo, ruwa kike zuba wa murhu ko toka?”

“Toka.”

“To haka yake. Ba ya ci, amma bai mutu ba. Yana ɗan tsotsa kaɗan-kaɗan don kada ya manta. Kina zarewa, duk abin da ke cikinsa ya tafi.”

Sauya batir ma yana da ƙa'ida. Sai an kai shi inda akwai wutar lantarki, a jona masa waya ya riƙa sha daga can, sannan a zare tsofaffi a sa sababbi. Mu kuwa ba mu da wuta, shi ya sa babanku yake goya shi a keke zuwa shagon Malam Sule. Nan abotarsu ta ƙullu. Malam Sule yana ce masa limamin molo, shi kuma yana ce masa likitan matattun rediyoyi.

Yanzu batun kakanku. Baba Jatau makaɗin gangar noma ne a unguwarsu ta wajen Gozaki, kuma shi ne babba a gidan da ke kan addinin kakanni. Shi ke yanka kafin shuka, shi ke zuba giya a gindin tsamiya. Gidansu yana da take, kiɗan da ake yi wa mazan gidan a gona ranar gayya, wanda uba ke koya wa ɗa. Babanku, da sunansa na gida Nomau, ya fara koyo yana saurayi, sai ya bi masu bishara aka yi masa baftisma ya zama Bulus. Tsohon bai zage shi ba, bai kore shi ba. Ya dai karɓe gangar daga hannunsa ya rataye, daga ranar kuma bai ƙara ambatar sunansa ba, ko tsohon ko sabon. In ya zama dole sai ya ce wancan. Muna kai masa dawa bayan girbi, ya karɓa, ya sa mana albarka ta bakin matarsa, ya koma ɗaki.

A damina ta ƙarshe da babanku ya yi, ya shiga ƙoƙarin sauke taken nan a kan haƙoran akwati. Ganga da piyano ba harshensu ɗaya ba, ya sha wahala. Yakan dawo daga gona ya zauna a inuwar rumbu, ƙafafunsa duk laka, yana bi yana gogewa yana sakewa. So yake ya ɗora masa kalmomin godiya a rera a majami'a ranar baikon amfanin gona. Da kaka ta yi, ya samu abin da ya gamsar da shi, ya adana. Kiɗan yana tafiya da ƙarfi kamar maza sun jeru a kunya, sai ya sassauta, sai ya tsaya cak a wurin da kunne ke jiran ci gaba. Na ce masa kiɗan ya yanke bai ƙare ba. Ya ce iyakar abin da aka koya masa ke nan, sauran yana hannun Baba.

“Kuma kada kowa ya ji shi a waje,” ya ce. “Na gidanmu ne. Sai na kai wa Baba ya ji ya ce to. In na sayar da auduga zan je.”

Audugar ce ta kai shi hanyar Bakori.

A biso, Baba Jatau ya zo ya tsaya can nesa, bayan makabartar majami'a, da sandarsa. Bai matso ba, ba a kuma ce ya matso ba. Aka yi addu'a, aka rera waƙa, ya juya ya tafi.

Bayan an watse na gane maganar Malam Sule. Hotuna biyu babanku ya bari, da riguna, da garma. Amma a cikin akwatin nan yatsunsa ne da kansu. Akwai wurin da ya danna haƙori biyu tare bisa kuskure ya yi saurin gyarawa, kuma duk sanda aka zo wurin sai in ga fuskarsa yana cije leɓe. Na sa doka: ranar Lahadi bayan sujada a majami'a, in rufe ƙofa, ku zauna a tabarma, in danna sau ɗaya. Tabita takan ce a ƙara, in ce a'a. Kai Babba ba ka taɓa cewa a ƙara ba, amma kai ne ke goge shi ka rufe da zanen.

Da na fara kai shi Malumfashi da kaina, Malam Sule ya jona waya ya sauya batura, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma yi mini karatu.

“Kiɗa shi ke cinye ƙarfi, barci ba ya ci sosai. Kin ga 'yar jar fitilar nan? Ranar da kika ga ta fara rawa, ko muryarsa ta dishe, ki kashe shi nan take. Sauran ƙarfin na barci ne, ba na waƙa ba. Ki taho da shi a haka.”

“Na ji, Malam.”

“Ko kuwa ki bari in ɗauke miki a kaset kowa ya huta. Wannan goyo da kike yi, ko ɗan fari bai samu irinsa ba.”

Na ce a'a. Shagonsa cike yake da samari masu jiran a juya masu kaset, kuma mai kiɗan ya ce kada a ji a waje sai Baba ya ce to. Ba nawa ba ne da zan bayar. Malam Sule ya girgiza kai, ya ce taurin kan gidan Bulus har matansa ya shafa.

Na yi niyyar kai wa tsohon da kaina. Amma suruka ba ta tunkarar surukinta da irin wannan magana kai tsaye, ga takaba, ga shuka ta zo, ga gonar da ta zama tawa ni kaɗai da ku. Kwanaki suka tafi.

Cikin watan Agusta aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya kwashe gadar katako, ko mai keke ba ya ƙetarewa. A Lahadin makon ne fitilar ta fara rawa. Na kashe shi tun bai kai rabi ba, na ce maku sai ruwa ya janye. Sababbin batura suna nan a cikin akwatin kayana, a takardarsu, amma ba su da amfani sai an kai inda wuta take.

Ranar Laraba da hantsi kuna gona kuna huɗa, ni ina gida saboda Auta na zazzaɓi, na ji gyaran murya a ƙofa. Baba Jatau ne, jiƙe har gwiwa, ya biyo ta gonaki tunda unguwarsu a gefenmu na rafin take. Bai taɓa taka gidanmu ba. Na durƙusa, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya wuce ta ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmi. Na kawo ruwa. Ya tambayi yara, ya tambayi gona, ya ce masarata ta fi ta maza. Sai ya dubi ƙasa ya ce:

“'Yar nan, an ce wancan ya bar abu a cikin akwati.”

“Ya bari, Baba.”

“An ce namu ne.”

“Naku ne. Ya ce sai kun ji kun ce to.”

“Ɗauko.”

Na ɗauko na ajiye a gabansa, na kuma faɗa masa gaskiya: baturan sun yi sanyi, in aka matsa masu abin da ke ciki zai tafi, ba kuma zai dawo ba. Ya dube ni kamar na faɗi wauta.

“To ki zare su ki shanya mana. Ga rana ta fito.”

“Wannan ba a zare masa, Baba. Ana zarewa yake mantawa.”

“Kayan Nasara ke nan. Ya iya magana, bai iya riƙe ta ba.”

Na ce in ya yi haƙuri rafi ya janye, zan kai a gyara, in kawo masa har gida ya ji iyakar son ransa. Ya ce gidansa ba a shiga da wannan, kuma shi ma ba zai iya sake zuwa ba, yau ɗin ma cewa ya yi zai duba gonar fadama. Ya dafa sanda zai tashi. Sai na ce a raina sau ɗaya ba zai kashe shi ba. Na danna.

Kiɗan ya fito, muryar a ɗan dishe. Tsohon bai motsa ba. Da aka zo wurin kuskuren nan ya ce, “Hannun hagu. Tun yana yaro.” Kiɗan ya sassauta, ya tsaya inda yake tsayawa. Sai na ji wani abu ya ci gaba. Baba Jatau ne ya jawo ƙwaryar ruwan ya kife ta a cinya yana kaɗawa da yatsu, daga daidai inda ɗansa ya tsaya. Ba irin na gona ba ne. A hankali yake tafiya, da nauyi, kamar mutum mai ɗauke da kaya a ka yana saukowa daga tudu. Da ya kai ƙarshe ya ɗora tafin hannu a kan ƙwaryar.

“Kin san me ya sa ban koya masa wannan ba?”

“A'a, Baba.”

“Ba na gayya ba ne. In namijin gida ya faɗi ake kaɗa masa, a raka shi. Ɗa ke yi wa uba. Sai na ga alamar tafiyata zan koya masa.” Ya shafa ƙwaryar. “Ranar bisonsa na zo da ganga. A cikin daji na ɓoye ta. Na ga ba wurinta.”



“Ba a yi sau ɗaya,” ya ce. “Sai an kai shi. Sake.”

Na dubi fitilar. Rawa take yi sosai. Na san abin da Malam Sule ya ce, na san kuna jiran Lahadi, na san ba ni da wani abu na babanku da ya kai wannan. Ba wanda ya tilasta ni. Tsohon bai ko taɓa akwatin ba, hannuwansa suna kan ƙwarya. Amma na tuna don wa aka adana kiɗan. Ba don ni ba, ba don ku ba. Mai shi ya ce sai Baba ya ji. Ga Baba ya zo, kuma abin da yake roƙo shi ne a bar shi ya raka ɗansa. Na danna.

Ban ƙirga ba. Ɗa ya fara, uba ya ƙarasa, in sake dannawa. Muryar akwatin tana ƙara shaƙewa, kiɗan yana jan ƙafa, tsohon yana rage hannu don su tafi tare. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. A na ƙarshe akwatin bai kai inda ya saba tsayawa ba, ya yi wata 'yar ƙara ya ɗauke, fitilar ta mutu. Baba Jatau ya karɓa daga nan, ya kaɗa sauran rabon ɗansa, ya kaɗa nasa, ya sauke.

“To, Nomau,” ya ce. “To.”

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba.

“'Yar nan, wannan ya tsaya tsakanina da ke. In 'yan'uwana suka ji na yi rakiya a gidan masu coci, ba giya, ba yanka, gaban akwati, ba za su ƙara cin abin da na yanka ba. Ke ma naki dattawan ba za su bar ki ba.”

Gaskiya ya faɗa. A lokacin, da an ji an yi kiɗan biso na gargajiya a gidan mai jan waƙar majami'a, da an sa ni horo, an hana ni cin jibin Ubangiji, kuma majami'ar ce ke taya ni noma a shekarar. Na yi masa alkawari. Ya ce bayan girbi in turo masa babban yaron, zai koya masa taken duka, farko da ƙarshe, tunda yanzu ba wanda zai karɓa.

A bakin hanya ka gamu da shi, Babba, kana dawowa da fartanya. Ka ga tocila a jakarsa, wadda ba ya rabuwa da ita. Ka shigo ka tarar da akwati a tsakar gida ba zane, ka danna, shiru. Ka tambaye ni ko ya taɓa shi, na ce ka je ka wanke ƙafa. Kai ka haɗa sauran da kanka, kafin Lahadi kuma duk ƙauye ya ji cewa tsoho ya zo ya zare batir ya sa a tocilarsa, wasu suka ce tofi ya yi masa. Maganar ta kai kunnensa. Bai musa ba. Na aika ta bakin kakarku cewa ya sake ni daga alkawarin, ko don yaron. Ya aiko cewa yaro zai huce.

Da rafi ya janye na goya akwatin zuwa Malumfashi, ina fatan ko da sauran wuta a ƙarƙashin tokar. Malam Sule ya jona waya, ya sa sababbin batura, fitila ta kama jawur. Haƙoran duk suna kuka lafiya. Ya danna maɓallin maimaici, ba komai. Ya sake, ba komai. Ya buɗe murfin ya duba baturan da ya zare, ya ga nasa ne, ba wanda ya taɓa su. Ya dube ni.

“Maman Iliya, ba cire su aka yi ba. Shanye su aka yi.”

“Haka ne, Malam.”

“An dai ji?”

“An ji.”

“To, alhamdu lillahi,” ya ce, ya mayar da murfin. Bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya.

Bayan girbi na ce ka kai wa kakanka dawa ka kwana biyu a can. Ka ce ko za a yanka ka ba za ka je ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗauki tsumagiya, ka tsaya ka ce in doke ka. Na ajiye. Na ce bari zuwa baɗi. Kafin shukar baɗi Baba Jatau ya kwanta, kuma an ce a bisonsa gangar tana rataye, ba wanda ya san abin da za a kaɗa masa.

Ban yi nadamar danna maɓallin nan ba, ko yau aka dawo da ranar zan danna. Shirun ne ya yi tsada, kuma kai da tsohon kuka biya fiye da ni. Akwatin yana nan a ƙarƙashin gadona, ba batir a cikinsa, tunda ba abin da zai manta. Rabon babanku na taken ina da shi a baki, har da wurin kuskuren, duk wanda ya zo a cikinku zan rera masa. Rabon kakanku a rana ɗaya kawai na ji shi, idona kuma yana kan fitila. Na riƙe farkonsa. Ƙarshen ban riƙe ba.